Lita Goma Sha Biyar: Neman Wa Sabwufa Gurbi a Motar Gudu

Idan ka zauna a kujerar direban Mazda MX-5 ka miƙa hannu baya, bango za ka taɓa. Babu kujerar baya. Wadda kake kai kuwa ta kusa mannewa da ƙasa, tafin hannu ma da ƙyar yake shiga ƙarƙashinta. But ɗin motar, a samfurin da aka fara sayarwa a 2015, lita 130 ne kacal, ƙananan akwatunan tafiya biyu sun cika shi. Tun da aka fara nuna ta a bikin baje kolin motoci na Chicago a 1989, a haka ake ƙera ta: kujera biyu, jiki marar nauyi, komai a matse. A irin wannan mota ne mutum zai kunna waƙa, ya ji muryar mawaƙi tar, ya ji kayan kiɗa masu siririn amo, amma dumin nan da ke dukan ƙirji ya ɓace. Daga nan sai tunanin sanya sabwufa ya shigo, wato lasifikar da aikinta kawai fitar da sauti mai kauri.

Mun saba ganin yadda ake yi a manyan motoci. A kai wa mai haɗa kayan sauti Corolla ko Camry, ya jefa ƙaton akwati mai lasifika inci 12 guda biyu a but, ya ja waya, magana ta ƙare. Wanda ya ɗauki wannan dabara ya nufi motar gudu da ita zai yi asarar kuɗi da but gaba ɗaya, sautin da yake nema kuma ba zai iso kunnensa yadda yake so ba. Dalilin yana cikin yadda sauti mai kauri yake samuwa, don haka daga nan ya kamata a faro.

Ana auna kaurin sauti da sirantakarsa da yawan kai-komon da iska take yi a daƙiƙa ɗaya, ma'aunin shi ake kira haz. Kunnen ɗan Adam yana ji daga wajen haz 20 zuwa 20,000. Sabwufa tana aiki ne a can ƙasa, daga 20 zuwa 80 ko 100. Tsirkiyar da ta fi kauri a jitar bes mai tsirkiya huɗu tana bayar da haz 41. Duk mai kunne ya san bambancin kalangu da tambari: kalangu ƙarami ne, amonsa yana tsaga wuri, tambari kuwa sai an yi shi babba, fatarsa da faɗi, cikinsa da zurfi, kafin ya ba da wannan gurnanin da ake ji a ciki. Haka lasifika take. Domin ta fitar da sauti mai kauri dole ta tura iska mai yawa, kuma duk lokacin da aka raba adadin haz gida biyu, iskar da za a tura don a samu ƙarfi iri ɗaya sai ta ninka sau huɗu. Faifan lasifika mai inci 8 yana da faɗin da ya ɗan haura murabba'in santimita 200, mai inci 10 wajen 340, mai inci 12 kusan 500. Ƙaramin faifai zai iya cike giɓin ne kawai idan yana iya yin doguwar tafiya gaba da baya ba tare da ya jirkita sautin ba.

Ita lasifikar kanta ba ita ce ke cin wuri ba. Akwatin ne. Idan faifai ya turo iska gaba, a bayansa yana zuƙo ta ne, kuma in babu abin da ya raba gaban da bayan, sai su haɗu su kashe juna, musamman a sauti mai kauri. Shi ya sa lasifikar da aka ajiye tsirara a kan tebur take rawa ba amo. Akwati ne ke tsare iskar baya. To amma iskar da aka kulle a akwati tana zama kamar sifirin, gwargwadon ƙanƙantar akwatin gwargwadon taurinta, faifan kuma sai ya kasa sauka ƙasa.

Wannan ba zato ba ne, lissafi ne da aka daɗe da gamawa. Injiniyan Ostareliya Neville Thiele ya wallafa aikinsa a kan akwatunan lasifika a 1961, Richard Small na Jami'ar Sidni ya faɗaɗa shi a farkon shekarun 1970, kuma har yau alƙaluman da ake bugawa a takardar kowace sabwufa ta ƙwarai da sunan su biyun ake kiransu. Uku ne suka fi muhimmanci ga mai motar gudu: Fs, wato adadin haz da faifan ke kaɗawa da kansa in babu akwati, Vas, wato litar iskar da taurinta ya yi daidai da taurin faifan, sai Qts, mai nuna yadda maganaɗisu da sauran sassa ke riƙe faifan kada ya wuce gona da iri. Mu ɗauki misali. Lasifika mai Fs 30 da Vas lita 30, idan aka rufe ta a akwati mai lita 30, kaɗawarta za ta hau zuwa wajen haz 42. Idan aka matse ta a lita 10, sai ta koma 60, ta riƙa kumbura amo ɗaya a nan, abin da ke ƙasa kuma ya dushe. Lasifika ɗaya ce, kuɗi ɗaya aka biya, akwati ne ya mai da ita wani abu dabam. Ina ganin wanda zai sayi sabwufa don ƙaramar mota, kafin ya kalli inci ko wat, layin da kamfani ya rubuta litar akwatin da take buƙata shi ya kamata ya fara dubawa.

Akwai wata ƙa'ida da masu wannan sana'a ke jingina wa J. Anton Hofmann, ɗaya daga mutum ukun da suka kafa kamfanin lasifika na KLH a Amurka a 1957. Abubuwa uku ake so: sauti ya sauka ƙasa sosai, akwati ya zama ƙarami, lasifika ta yi ƙara da wuta kaɗan. Biyu kawai ake samu, na ukun sai an sadaukar. Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle uku. A motar gudu an riga an zaɓa maka ɗaya, ƙaramin akwati. Idan kana son zurfin sauti, to ka san da wuta za ka biya, wato amfilifaya mai ƙarfi da lasifika mai nauyin faifai wadda aka ƙera don ƙaramin gida.

Da a nan maganar ta tsaya, da sai a ce mai motar gudu ya haƙura. Sai dai ƙanƙantar da ta hana shi wuri ita ce kuma ke ba shi wata kyauta da mai babbar mota ba ya samu da yawa haka. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, saboda haka zangon igiyar haz 40 ya kai mita 8 da rabi. Ɗakin motar kujera biyu tsawonsa bai fi mita biyu ba. Igiyar ba ta da inda za ta miƙe, sai lasifikar ta koma matsa iskar ɗakin gaba ɗaya tana saki, kamar famfon taya. Daga inda rabin zangon igiya ya zarce tsawon ɗakin, wato wajen haz 80 zuwa 90 a irin wannan mota, ɗakin da kansa yake fara ƙara wa sautin ƙarfi, kuma a lissafi ƙarin yana iya kai wa desibel 12 (desibel ne ma'aunin ƙarfin sauti) duk lokacin da adadin haz ya rabu biyu. A aikace ba ya cika kai wa haka, domin iska tana zurarewa ta robar ƙofa, ƙarfen jiki ma yana lanƙwasa. Duk da haka abin da ya rage ba kaɗan ba ne.

Ga inda abin ya fi burge ni. Akwati rufaffe, wanda babu rami a jikinsa, ƙarfinsa yana raguwa ƙasa da wurin kaɗawarsa da desibel 12 ɗin nan dai. Abin da akwatin ya rasa, ɗakin motar yana mayarwa. Sabwufa mai inci 8 a rufaffen akwati na lita 10 zuwa 15, wadda in aka ajiye ta a tsakar gida ba za ta ba kowa mamaki ba, a cikin rufaffiyar motar kujera biyu tana iya sauka har ƙasan abin da yawancin waƙoƙi ke ɗauke da shi. Tsarin rufaffen akwatin nan Edgar Villchur ne ya fito da shi fili a kamfanin Acoustic Research a 1954, don ɗakunan zama ya yi shi, amma babu inda ya fi dacewa kamar nan.

Akwati mai rami, wanda ake sa wa bututu, ya fi ƙara a kusa da inda aka daidaita shi, shi ya sa masu son a ji su daga nesa suke ƙaunarsa. Matsalarsa a ƙaramin wuri ita ce tsawon bututun. Akwati mai lita 15 da ake so ya kaɗa a haz 35, idan faɗin bakin bututun santimita 7 da rabi ne, tsawonsa zai haura santimita 60, shi kansa ya cinye kusan lita uku. In aka rage masa faɗi don ya gajarta, sai iska ta riƙa fito a bakinsa. Ƙasa da inda aka daidaita shi kuma faifan yana rasa abin da ke riƙe shi, ya yi ta fizga har ya lalace. A motar gudu ban ga dalilin shiga wannan wahala ba.

To a ina za a ajiye lita goma sha biyar ɗin? Hankali yana fara tafiya but, kuma a yawancin motocin gudu nan ne wurin da ya fi muni. A MX-5 tankin mai yana bayan kujeru, tsakanin ɗaki da but, ga bangon ƙarfe, ga rumfar da ake naɗewa. Sautin zai yi ta girgiza murfin but da lambar mota, mutanen titi su ji, direba ya samu saura. A Porsche Boxster, wadda ta fito a 1996, inji ne ke bayan kujeru kai tsaye. A 911 injin yana can ƙarshen baya, but ɗin yana gaba, lita 130 da 'yan kai, kuma tankin mai ne ya raba shi da ɗaki. Sabwufar da aka kulle a irin wannan but tamkar makaɗi ne da aka rufe a ɗakin maƙwabta. Wasu sukan huda bango su buɗe wa sauti hanya. Ba na goyon bayan haka: bangon nan yana cikin abin da ke riƙe jikin motar, yana kuma cikin abin da ke raba mutum da fetur ranar hatsari.

Motocin da bayansu ke buɗe zuwa ɗaki, masu ƙofar baya mai haɗe da gilashi, su ne suka yi sa'a. Nissan 350Z, wadda ta fito a 2002, tana da wani ƙaton ƙarfe da ya gitta wurin kaya yana haɗa kawunan shokozoba biyu. Ya ɓata wurin ajiye akwatin tafiya, amma ƙarƙashinsa ya zama gurbin da masu haɗa sauti suka daɗe suna ƙera wa akwati daidai da shi. Corvette, kafin a mai da injinta tsakiya a samfurin 2020, ita ma tana da faffaɗan baya. A 911 kuwa kujerun bayan da babba ba ya iya zama a kansu, da kantar da ke bayansu, su ne wurin da ya fi sauƙi.

Ga sauran, kyakkyawar shawara ita ce a duba abin da injiniyoyin kamfanonin suka yi da suka tarar da wannan matsala, domin su ma ta same su. A MX-5 ta yanzu, tsarin Bose mai lasifika tara ya sa ƙaramar sabwufa a wurin ƙafar fasinja, ya kuma sa wasu lasifikoki a cikin matashin kai na kujeru. Mercedes-Benz, a SL ta 2012, ta kafa lasifikokin kauri a bangon da ke gaban ƙafafun direba da fasinja, ta yi amfani da kogon da ke cikin ginshiƙan jikin motar a matsayin akwati, tsarin da ta kira FrontBass. Kamfanoni biyu, farashi ya yi nisa da juna, amma dukkansu gaba suka nufa, wurin ƙafa. Wurin yana da zurfin da gajeren fasinja ba ya kai wa ƙarshensa, yana cikin ɗaki, kusurwa ce mai ƙara wa sauti ƙarfi, kuma yana sa dumin ya fito daga gaba tare da muryar mawaƙi maimakon ya biyo ta daga ƙeya. Kuɗin da ake biya shi ne santimita goma ko fiye na miƙe ƙafar fasinja. A gefen direba kuwa kada a kusanta, babu abin da ya halatta ya matsi birki da totur.

Bayan kujera ma wuri ne, idan direban ba dogo ba ne. A nan ne sabwufa marasa zurfi suke amfani. Kamfanoni irin su JL Audio da Pioneer da Alpine suna ƙera masu inci 10 da zurfinsu bai wuce santimita 8 ko 9 ba. Amma rashin zurfi bai rage mata buƙatar iska ba, sai dai akwatin ya baje a faɗi, kuma dole a bar wa faifan sarari a gaba kada ya riƙa dukan bayan kujera. Ƙananan sabwufa na ƙarƙashin kujera masu haɗe da amfilifayarsu, da suke ceton masu ƙananan motocin gari, yawanci ba sa shiga ƙarƙashin kujerar motar gudu. Sai a tsaye a bayanta.

Wurin da ba shi da kusurwa madaidaiciya ba a auna shi da tef kaɗai. A shimfiɗa leda a cikin ramin, a zuba gero ko shinkafa har ya cika, a kwashe a auna da gorar lita ɗaya. Daga abin da aka samu a cire kaurin bangon akwati da jikin lasifikar da zai shige ciki, abin da ya saura shi ne iskarka, da ita za ka tafi kasuwa. Akwatin irin wannan wuri da faiba ake zuba shi, ya bi siffar ramin, gaban kawai ake yi da katako. Faiba ta fi katakon MDF sauƙin nauyi da ƙarancin cin wuri, sai dai tana son ƙwararren hannu, kuma ko ƙaramar kafa ce a jikin akwatin ta isa ta ɓata aikin. Cusa audugar roba a ciki yana sa faifan ya ji kamar akwatin ya ɗan ƙara girma, amma kaɗan ne, ba ya mai da lita 8 ta zama 15.

Maganar nauyi ba ƙarama ba ce a wurina. Mazda ta bi sassan MX-5 ta yanzu ɗaya bayan ɗaya tana rage giram-giram har ta sauko da ita kusan tan ɗaya, nauyin ya rabu daidai tsakanin gaba da baya. Lotus Elise ta farko, ta 1996, ba ta kai kilo 750 ba. Akwatin katako mai lasifika inci 12 biyu da amfilifaya yana iya kai wa kilo 30 zuwa 40, kuma a bayan tayoyin baya ake ajiye shi, inda ya fi canza halin mota a kwana. Wanda ya sayi motar don yadda take bin hannu, in ya yi mata haka ya rage abin da ya biya kuɗinsa. Inci 8 a akwatin faiba da ƙaramar amfilifaya za su iya tsayawa ƙasa da kilo 10. Kuma ko nawa ne nauyin, a ɗaure shi da noti a jikin mota, bayan an leƙa an tabbatar babu tanki ko bututun mai ko wayoyi a bayan inda za a huda. Akwatin da ba a ɗaure ba, a ɗakin da kan mutum yake kusa da komai, makami ne ranar taka birki na gaggawa.

Wuta ba ta da wuyar sha'ani yanzu. Amfilifaya ajin D tana mai da kashi 80 cikin 100 ko fiye na wutar da ta ja zuwa ƙarfin da take aika wa lasifika, ba ta zafi sosai, wasu ba su fi littafi girma ba. Wat 300 sun wadatar, kuma a iyakar ƙarfinta abin da za ta ja bai kai amfiya 30 ba, kiɗa kuma ba ya zama a iyaka. Abin da ba a wasa da shi shi ne fis a kan babbar waya, kusa da batir, cikin santimita 45, da wayar jan ƙarfe ta gaske maimakon alminiyam da aka yi wa rufi. Mai wayarin da ya ce fis ɗin jikin amfilifaya ya isa, ka ɗauke motarka: wancan fis ɗin amfilifayar yake karewa, wayar da ta ratsa motar ba ta da mai tsaronta.

Sauran aikin na kunne ne. A yanke sabwufar a wajen haz 80, a kuma hana lasifikokin ƙofa sauka ƙasa da nan, sai su huta, muryoyi su ƙara fitowa. Sau da yawa wannan hutun ya fi dumin kansa gyara sauti. A gwada juya wayoyin sabwufar biyu, a bar su a inda dumin ya fi cika a kujerar direba. A bi duk abin da ke kakkarwa, murfin aljihun gaba, robar ƙofa, a liƙa masa abin kashe girgiza daidai wurin, ba sai an lulluɓe motar duka an ƙara mata kilo goma ba.

Mota mai buɗaɗɗiyar rumfa tana da nata hukuncin. Da zarar an naɗe rumfa, ɗakin da ke ƙara ƙarfi ya tafi, iska da tayoyi da salansa kuma suna ta nasu gurnanin a daidai inda sabwufar ke aiki. Ko a rufe, rumfar yadi ba ta riƙe matsin iska kamar ƙarfe. Mutum zai so ya murɗa ƙara don ya rinjayi iskar, alhali hukumar NIOSH ta Amurka ta sa iyakar desibel 85 na awa takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. Kunnen da iska ta riga ta gajiyar ba ya buƙatar ƙarin duka. A irin wannan mota kusanci ya fi ƙarfi amfani: sabwufa a wurin ƙafa ko a jikin bayan kujera, inda jiki zai ji ta kafin iska ta kwashe. Akwai ma 'yar na'urar girgiza da ake ɗaurawa a ƙashin kujera, ba ta tura iska ko kaɗan, bugun kawai take aikawa cikin bayan mai zaune. Mazda ta taɓa sa irinta a kujerun wasu MX-5 na shekarun 1990. Ba ta buƙatar akwati, nauyinta bai taka kara ya karya ba, kuma ko rumfa tana buɗe ko tana rufe, aikinta ɗaya ne.